Hanyar da Aka Auna da Faɗin Alfadari

Duk wanda ya taɓa riƙe zarto a aikin share hanya cikin duwatsun yammacin Amurka ya san ma'aunin nan: ƙafa 8 a faɗi, ƙafa 10 zuwa sama. Reshen da ya kutso cikin wannan fili sai an datse shi. Mai tafiya a ƙasa da jaka a baya ba ya bukatar rabin haka. An yanke ma'aunin ne saboda alfadarin da aka lafta wa kaya hagu da dama, da kuma mahayin da ke kan sirdi. Ko kwanar da hanya ke yi a jikin dutse, an buɗe ta ne yadda jerin dabbobin da aka ɗaura a bayan juna za su juya ba tare da na gaba ya fizgo na baya cikin kwazazzabo ba. Dubban mutane ke bin waɗannan hanyoyi kowace shekara, akasarinsu ba su san a kan aikin doki da alfadari suke takawa ba.

Ina cikin masu kwana da dawaki a waɗannan duwatsu, a jihar Montana, ina kuma cikin masu fita aikin gayya na gyaran hanya idan ƙanƙara ta narke. Inda muka fi ɗaura sirdi shi ne zangon Owl Creek, kusa da tafkin Holland a kwarin Swan. Irin wannan zango ba abin kallo ba ne: fili mai faɗi da tirela za ta iya juyawa, wurin ɗaure dabba, wurin sauke kaya, ruwa, sai makewayi. Daga nan hanya ke haurawa ta ƙetare tsauni ta faɗa dajin Bob Marshall, inda babu titin mota ko ɗaya. Akwai irinsa da yawa tun daga Montana har Kalifoniya, kuma matasan da ke shigowa harkar yanzu suna ɗauka haka aka halicce shi. Alhali saura ƙiris a hana doki shiga waɗannan dazuka, kuma da hannunmu a cikin dalilin.

Asalin hanyoyin ba na gwamnati ba ne. Turawan Sifen ne suka shigo da doki nahiyar a ƙarni na 16, bayan tawayen mutanen Pueblo na 1680 kuma dawakin suka bazu hannun ƙabilun ƙasar, suna wucewa daga wannan zuwa waccan har arewa. Mutanen Salish da Kootenai da Nez Perce sukan ƙetare duwatsun Rocky da dawakinsu zuwa farautar ɓauna a filayen gabas, su yada zango a bakin tafkuna da fadamun da ke da ciyawa. A 1805 ayarin Lewis da Clark ya iso duwatsun Bitterroot, ba su iya ƙetarewa ba sai da suka sayi dawaki wurin mutanen Shoshone, suka bi tsohuwar hanyar Lolo, yunwa ta sa har suka yanka dukushi suka ci. Wuraren da muke kafa tanti a yau, da yawansu masu wancan zamani ne suka fara zaɓarsu, don abin da doki ke so bai canja ba. Wanda ya san labarin fataken goro na hanyar Gwanja zai gane tsarin nan take: ba gajiyar mutum ke yanke tafiyar yini ba, ruwa da ciyawar dabba ne ke faɗa wa madugu inda zai sauka.

Da gwamnati ta shigo, ita ma a kan sirdi ta shigo. Sojojin doki ne suka riƙe gandun Yellowstone daga 1886 zuwa 1918. A Kalifoniya, baƙaƙen sojojin nan da ake wa laƙabi da Buffalo Soldiers sun yi sintiri a Yosemite da Sequoia, a 1903 ma Kyaftin Charles Young, baƙar fata, shi ya riƙe shugabancin gandun Sequoia, mutanensa suka gina hanyoyin da har yau ake bi. An kafa Hukumar Gandun Daji ta Amurka a 1905 ƙarƙashin Gifford Pinchot, jarrabawar ɗaukar malamin daji a lokacin kuwa ba ta takarda kaɗai ba ce. Sai an ga hawanka, an ga ka ɗaura wa dabba kaya da igiya ba su zame ba. Dokin aikin ma kai za ka zo da abinka.

Abin da ya cika duwatsun nan da hanyoyi gobara ce. A ranakun 20 da 21 ga Agusta 1910, iska ta haɗe wutar daji da ke ci nan da can a arewacin Idaho da yammacin Montana ta zama guda. Eka wajen miliyan 3 ta ƙone, mutum fiye da 80 suka mutu, yawancinsu masu kashe wutar. Hukumar ta ƙudurta cewa daga nan duk inda hayaƙi ya tashi sai an isa gare shi da wuri. Wannan na nufin hanya zuwa kowane kwari, da ɗakin gadi a kan kowane dogon tsauni, da wayar tarho mai haɗa su. Katakon ɗakunan nan, da gilashin tagoginsu, da murhun ƙarfe, da waya mai tsawon mil bayan mil, duk a bayan alfadari suka hau. A wannan zamani ne akumarin Decker ya samu karɓuwa, wanda wani maƙeri na Idaho mai suna O. P. Robinett ya gyara ƙirarsa: baka biyu na ƙarfe a sama, katako biyu da ake sassaƙawa daidai bayan dabbar. Da shi za ka ɗauki abin da bai da siffa, ka naɗe shi a tamfol, ka rataya a gefe. Har gobe mutanen Montana da Idaho shi suke rantsuwa da shi, su kuwa na Kalifoniya sun fi riƙe tsohon akumarin katako mai ƙahoni da jakunkunan mangala. Gardamar wanne ya fi ba ta ƙarewa a bakin wuta.

Gobarar dajin da aka yi a 1929 ta sake tona wani asiri. Mota ta fara korar dabbobin dako daga garuruwa, da Hukumar ta nemi alfadaran haya sai ta rasa. Saboda haka a 1930 ta buɗe bargar Ninemile a yammacin Missoula, inda ake kiwo da horar da dabbobin aiki. Tsarin wurin abin a yaba ne: alfadarai tara da dokin hawa ɗaya su ne ayari guda, da an buga ƙararrawa a loda su a babbar mota a nufi bakin hanyar da ta fi kusa da wutar. Jiragen sama da masu kashe wuta da ke dirowa da lema, waɗanda suka fara aiki a 1940, su suka rage wa wurin daraja, har aka rufe wannan aiki a 1953. Amma Hukumar ba ta rabu da alfadari ba. Har yanzu akwai ayari a Ninemile, a can kuma ake koya wa ma'aikata da 'yan sa-kai ɗaurin kaya.

Masu shaƙatawa sun biyo baya tun da wuri. Howard Eaton, ɗaya daga 'yan'uwan da suka fara karɓar baƙin birni a gonar kiwo, ya yi shekaru yana zagaya Yellowstone da ayarin mahaya. Ƙungiyar Sierra Club ta fara manyan tafiye-tafiyenta a 1901 a fadamar Tuolumne da mutum kusan 100, daga baya adadin ya kai wajen 200, alfadarai na biye da tukwane da tantuna. A gandun Glacier, kamfanin jirgin ƙasa na Great Northern ya gina masaukai a nisan tafiyar yini guda a kan doki, a tsakiyar shekarun 1920 kuma kamfanin hayar dawakin wurin yana da dabbobi fiye da 1,000. Da aka buɗe titin Going-to-the-Sun a 1933, baƙo ya samu damar ganin gandun ta tagar mota, cinikin dawakin ya yi ta ja da baya har kamfanin ya durƙushe a lokacin yaƙin duniya na biyu. A shekarun nan dai, daga 1933 zuwa 1942, samarin shirin CCC na Shugaba Roosevelt, su wajen miliyan 3, suka gina gadoji da shingaye da zango-zango da yawa da muke mora.

Ranar 3 ga Satumba 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kare dazukan da ba a taɓa ba, ta fara da eka miliyan 9.1, dajin Bob Marshall na ciki. Dokar ta haramta mota da duk wani inji a cikin irin wannan daji, har da zarton inji. A zahiri wannan nasara ce ga doki, tunda an kore masa duk abokan takara. Amma a daidai lokacin wasu baƙi suka cika daji. Jakar baya mai firam ɗin alminiyam, irin wadda Dick Kelty ya fara yi a 1952, da tantin nailan mara nauyi, sun sa ɗalibi ko ma'aikacin ofis zai iya shiga daji na mako guda ba tare da dabba ba. Waɗannan mutane suka iso bakin tafkuna, suka ga abin da masu dawaki suka saba gani har ya daina damunsu.

A nan ba na ɓoye wa kowa gaskiya. Zangon masu dawaki na wancan zamani mummuna ne. Ana ɗaure doki a jikin itace ya kwana, ya yi ta haƙa da kofato har saiwa ta fito, igiya ta cinye ɓawon, bayan 'yan shekaru itacen ya bushe a tsaye. Ana sare ɗanyun itatuwa a yi shinge da sandunan tanti. Ana sakin dabba talatin a fadama guda, wadda lokacin tsirarta bai wuce wata biyu ba a shekara, su cinye ta ƙarƙaf. Gwangwanaye a binne ko a watsar a bayan zango, tsohon murhu a jingine a jikin dutse don baɗi. Bakin tafki ya zama taɓo da kashin doki. Ba mugunta ba ce, al'ada ce ta lokacin da daji ke da faɗi mutane kuma kaɗan. Sai dai ruwa ba ya tsami banza: a farkon shekarun 1970 takardun tsare-tsaren hukuma suka fara maganar taƙaita doki, wasu masu faɗa a ji kuma suna son a fitar da shi gaba ɗaya.

Mutum huɗu na kwarin Flathead, Roland Cheek da Ken Ausk da Dennis Swift da Dulane Fulton, su suka ga inda abin ya dosa. Daga hirar zangon farauta a cikin Bob Marshall, suka kafa ƙungiyar Back Country Horsemen a garin Columbia Falls a 1973. Abin da nake girmama su a kai shi ne ba su tsaya ga kukan an zalunce su ba. Sun yarda akwai ɓarna, suka ce masu dawaki ne za su gyara ta, su koya wa junansu sabuwar ɗabi'a, su kuma ba hukuma ƙarfinsu kyauta. Mutumin da ya share maka hanya mil 20 da zarton hannu, da wuya ka kalle shi ka ce ba shi da wuri a dajin. Rassa suka buɗe a Idaho da Washington da Kalifoniya, a 1986 suka haɗe suka zama ƙungiyar ƙasa baki ɗaya, yau tana jihohi wajen 30.

Sabuwar ɗabi'ar ita ce zuciyar sana'ar yanzu, ga ta kamar yadda muke koya wa sabon shiga. Ba a ɗaure doki a itace sai na ɗan lokacin sauke kaya. Ana neman busasshiyar ƙasa mai tauri, nesa da ruwa da aƙalla ƙafa 200, a ja doguwar igiya tsakanin itatuwa biyu sama da kan doki, a sa faffaɗan maɗauri a jikin itacen don kada igiya ta ci ɓawo, sannan a ɗaure dabbobin a jikin igiyar da tazara. Mai haƙa a sa masa dabaibayi. Wajen kiwo, wasu na kafa turke su riƙa matsar da shi, wasu na zagaya shingen lantarki mai batir, tsofaffin hannu kuwa sukan rataya wa goɗiya ƙararrawa su saki alfadarai, don alfadari ba ya nisa da goɗiyar da ya saba da ita. Shayarwa a mashigi mai tsakuwa ake yi, ko a ɗebo a bokiti, ko da yake doki ɗaya kan sha lita 40 a yini. Da safe kafin a tashi a warwatsa kashin, a cike ramukan kofato. Kaya kuma a auna su a sikeli tun a ƙasa, hagu da dama su zo daidai, kada nauyin ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dabbar. Masu dako kan ce kayan da aka ɗaura da gaggawa sau biyu ake ɗaura su. Smoke Elser na Missoula ya yi shekaru da yawa yana koyar da wannan a tsohuwar bargarsa, littafinsa na 1980 kuma, tare da na Joe Back na 1959, su ne ake miƙa wa duk mai son koyo.

Dokoki suka zo suka ƙarfafa abin. A Bob Marshall ayari ba ya wuce mutum 15 da dabba 35. Ciyawar da za ka shigo da ita sai mai shaidar cewa ba ta ɗauke da irin miyagun ciyayi, domin akwai baƙin tsirrai da suka mamaye makiyayun Montana, kuma cikin doki hanya ce da irinsu ke bi ya isa daji. Shi ya sa muke fara ba dabba wannan ciyawa kwanaki kafin tafiya. Abincin mutum da hatsin doki sai a akwatin da beyar ba ta iya fasawa, ko a rataye shi sama. Mai ƙetare iyakar jiha kuma sai da takardar lafiyar dabba da ta gwajin jinin nan da Leroy Coggins ya ƙirƙiro a 1970.

Yawancin masu kwana da dawaki a yau ba sa shiga can ciki. Tun da aka fara ƙera tirela mai ɗakin kwana a gaba da wurin dawaki a baya, sai wani sabon salo ya fito: ka zo bakin daji ka ajiye mota, ka hau da safe zuwa wani tafki, ka dawo da yamma ka kwana a zango. Wasu tsofaffin masu dako na raina wannan, ni ban raina ba. Shi ya buɗe ƙofa ga mata da yawa, da dattawan da gwiwa ba ta barinsu hawan dutse da ƙafa, da iyalai masu ƙananan yara, nauyin da ke kan fadamun ciki kuma ya ragu. Shi ne kuma ya haifar da zangon dawaki na zamani mai ƙananan shingayen ƙarfe da komin ruwa da wurin zubar da kashi, har Hukumar Gandun Daji ta fitar da littafin ƙa'idar gina shi a 2007.

Rigima dai ba ta mutu ba. A Kalifoniya wata ƙungiyar masu tafiyar ƙasa ta kai ƙara kan ayarin haya a dazukan John Muir da Ansel Adams, kotun ɗaukaka ƙara ta ba ta gaskiya a kan muhimman batutuwa a 2004. A 2012 wani hukunci ya tsayar da ayarin haya a Sequoia da Kings Canyon, sai da majalisar ƙasa ta yi doka ta musamman kafin a ci gaba. Ina ganin masu ƙarar suna da hujja a kan wasu fadamun da aka cinye. Inda na saɓa da su shi ne zaton cewa daji zai tsaya da kyau idan doki ya fita. Wani binciken gwamnati na 2013 ya nuna Hukumar Gandun Daji na da hanyoyi mil 158,000, kashi ɗaya cikin huɗu kacal ke kan ƙa'ida. Gobara da ƙwaron da ke kashe itatuwa sun bar miliyoyin busassun itatuwa a tsaye, kowace iska sai ta kwantar da wasu a kan hanya. A dajin da aka hana inji, da dogon zarton mutum biyu ake yanka su, alfadari ne kuma ke kai zarton da gatari da katakon gada da abincin ma'aikata. Hanyar da aka bari shekara uku ba a share ba, mai jaka ma sai ya yi rarrafe.

Damuwar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya yanzu a zango take. Tun daga 2020, da annoba ta tura jama'a daji, wuraren kwana suka yi kaɗan. Ana kama wuri ta intanet, a shafin Recreation.gov, kuma mutumin da ba shi da ko akuya yakan kama wurin dawaki saboda ya fi faɗi. Shi yana da wasu wurare ɗari da zai je. Mai dawaki huɗu da ya yi tuƙin awa shida ba shi da ko ɗaya, don doka ba ta bar shi ya sauke dabba a zangon kowa da kowa ba. Ga haɗarin yara da karnuka da ba su san doki ba suna gilmawa ta bayan kofato. A ƙarshen 2021 Hukumar ta aika wa ofisoshinta shawarwarin yadda za a kare waɗannan wurare, amma shawara ce, aiwatarwa na hannun shugaban kowane yanki. Ƙungiyarmu ta Back Country Horsemen ta fitar da takardar da mai dawaki zai cike duk lokacin da ya tarar da haka, da rana da sunan zango, don idan aka zauna da hukuma a zo da lissafi ba ƙorafi ba.

Ɗayar damuwar ita ce furfura. A taron reshe za ka ga yawancin masu iya wasa haƙoran dogon zarto, da masu iya ɗaure katakon gada a bayan alfadari, sun haura sittin. Ciyawa ta yi tsada, mota da tirela sun yi tsada, filin kiwo kusa da gari ya zama gidaje. Saboda haka rassa da yawa sun koma ɗaukar matasan da ba su da dabba ko ɗaya, a ba su aron doki, a fara da su daga goge baya da duba kofato, a bi da su zuwa naɗin tamfol da auna kaya. Sai wanda ya iya waɗannan ake miƙa wa igiyar alfadari biyu, a sa shi tsakiyar ayari, a kan hanyar da ba ta da gangare.